Ga Merin, 'Yar 'Yar'uwata

Jiya a bakin coci, bayan an tashi sujada,
matar likitan Pala ta tare ki da tambaya:
"Me kike yi yanzu?"
Kika sunkuyar da kai kamar an kama ki da kayan sata,
kika ce, "Ba komai, ina gida."

Ba komai?
Zo ki zauna, 'yata, kafin yaron ya farka.
Miƙo kwakwar nan, mu kankare muna magana.

Ni tafiya na yi, kin sani.
Shekara ashirin da shida ina jinyar baƙi a Kuwait,
farin kaya, farin takalmi, albashi duk ƙarshen wata.
Ban raina aikina ba, ba kuwa zan raina ba,
hannun da ke ɗaure rauni shi ma aiko shi aka yi.
Da kuɗina aka yi wa gidan nan rufi.
Amma abin da ke ƙarƙashin rufin,
uwarki ce ta gina shi.

Sosamma.
Kafin masu tsagar itacen roba su kunna fitilar goshi
ta jiƙa shinkafa, ta durƙusa gaban gicciyen katako,
tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya,
har da nawa, ni da ke can bayan teku.
A cinyarta ɗana Kuriyan ya fitar da haƙori.
Ran da na zo hutu da akwati cike da tsaraba
ya laɓe a bayan zanenta yana leƙen baƙuwa.
Na shiga banɗaki na buɗe famfo
don kada a ji kukana.

Shekarar da kogin Minacil ya haura gada,
iyali huɗu suka tare a ɗakinmu na sama.
Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya ba ta takarda.
Ta san abin da ke buhu har mudun ƙarshe,
ta ja shi kwana tara,
ba yaron da ya kwana da yunwa.
Da Baba ya kwanta ciwon ajali,
ni mai ilimin magani ina karanto sunayen ƙwayoyi ta waya,
ita ke juya shi, ita ke wanke shi,
ita ta rufe masa ido.

Wannan ne kike kira ba komai?

Ba zan ɓoye miki ba, akwai gajiya.
Tukunyar da kika wanke da safe tana jiranki da dare.
Miyar kifin da ta ci miki awa biyu
kafin ki zauna an suɗe kwano,
kuma ba mai tafi.
Jobin ma wata rana zai manta da godiya.
Tuna masa, ba zunubi ba ne,
ki haɗa masa da tsintsiya.
Takardar digirinki kuwa kar ki bar wa gara,
ilimi ba ya tsami don ya shiga madafa.

Ubangiji ba da murya ɗaya yake kira ba.
Ni ta ƙarar jirgin sama ya kira ni.
Ke in kin ji shi a kukan jaririnki da tsakar dare,
in kin tabbata shi ne, ba tsoron mutane ba,
to amsa da baki cike.
Wanda ya yi ɗamara da tawul
ya wanke ƙafafun abokansa
ba zai ga tsumma a hannunki ya kau da kai ba.

Lahadi mai zuwa, in ta sake tambaya,
ɗaga kai ki dube ta.
Ce mata, "Gida nake riƙewa."
Sannan ki gayyato ta cin abinci.

Yanzu tashi, shanya tana waje,
ga hadari can ya haɗo ta wajen tsaunuka.